Sahu na Bakwai

Ni ce ta uku a sahu na bakwai.
Takwas sau takwas muke, cikin jajayen riguna.
Uwata ta taso daga Jecheon tun kafin asuba
don ta gan ni, ba ta iya tsinto ni ba.
Hoton wata ta ɗauka ta kai gida.

Na zo makarantar nan da ƙafa mai ƙaiƙayi,
ina son juyi, ina son tsalle, ina son tafi.
Malam Pyeon ya miƙo mini sarewar da ba a busawa,
da sanda mai kan dodo, gashin tsuntsu na reto a bakinsa.
Ya ce, Yeo-ul, ɗaga hannu.
Na ɗaga.
Ya ce, wa ya biyo ki?
Sake.

Shekara biyu ana ce mini sake.

Sunanta ilmu, rawar sahu,
rawar da ba ta barin inda aka dasa ta.
A bugi dutse sau ɗaya, ki jira amonsa ya mutu.
Ki juya gabas, akwai mutum.
Ki juya yamma, akwai mutum.
Ki rusuna wa malaman da suka rasu
tun ba a haifi kakan kakanki ba.
Na ce, Malam, ai ba sa gani.
Ya ce, ta kusa da ke tana gani.

Ta kusa da ni Seul-bi ce.
Tun lokacin sanyi ba ma ga-maciji,
kan wata magana da ta faɗa a ɗakin kwana,
na kwashe, na ƙulla a haɓar zani.

Ranar bikin kaka, a farfajiyar Munmyo,
tsofaffin bishiyoyi sun fara zubar da 'ya'ya,
warinsu ya cakuɗe da turare.
Dattawa na hawa da kofin hadaya, ba a jin takunsu.
Na san ta kwana a asibiti, a kujera, gefen mahaifinta.
Kowa ya sani. Ban ce mata sannu ba.

A ɗagawa ta tara hannunta ya yi nauyi.
Rabin numfashi kawai.
Na hango da wutsiyar ido:
gashin tsuntsunta na rawa, rawar da ba a koya mana ba.
In na bi ganga, asirinta ya tonu,
mutum sittin da uku daidai, ita kaɗai a baya.
Zuciyata ta ce, ga ranar.

Ban san wa ya riƙe mini gwiwar hannu ba.
Na jira.
Ta hagu da ni ta ji na jira, ta jira,
jiran ya bi sahu kamar ruwa a kwari,
muka iso sama tare, mu takwas.

Sai aka canja mana kaya, garkuwa da gatari.
Gatarin itace ne, bai taɓa saran kowa ba.
Garkuwarki kike duka da shi,
ke da kanki, ƙwas, a hankali,
har abin da ke ihu a ƙirji ya zauna.

Aka goga bayan damisar katako sau uku.
Kiɗa ya tsaya.

Da yamma Malam Pyeon yana ninke riguna,
bai ɗago kai ba ya ce,
sahu na bakwai ya makara.
Muka yi tsit.
Ya karkaɗe wata hula, ya duba ɗinkinta.
Ya ce, amma tare ya makara.
Ku je ku ci abinci.

Har yau ni da Seul-bi ba mu tada zancen ba.
Ta dai turo mini rabin lemo a motar komawa,
ta juya tana kallon taga.

Hoton nan yana manne a jikin firijin uwata.
Baƙi na zuwa, tana nunawa, ga 'yata.
Na duba da kyau: Seul-bi ce,
hannu a sama, ido ya yi ja.
Ban gyara mata ba.